Guerdine Ba Ta Tatsuniya da Rana

A kamfanin littattafai na Mèt Lucner Valbrun, wato Malam Lucner, akwai ƙa'ida guda da ba a taɓa karya ta: ba a kai shafi wurin bugu sai an karanta shi da baki. Mutum biyu ke zama, ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya bi da ido da ɗan yatsa. Mèt Lucner yakan ce Kiriyol, harshen mutanen Haiti, a baki ya girma, don haka kunne ke fara gane inda jimla ta yi tuntuɓe.

Kamfanin ba wani babba ba ne. 'Yan ɗakuna ne a bayan wani shagon tayoyi a arewacin Miami, kwalaye jibge har kusa da rufi. Littattafan yara suke yi, shafin hagu Kiriyol, shafin dama Turanci, domin 'ya'yan Haiti da ke shigowa makarantun Amurka ba su jin ko kalma ɗaya ta malaminsu. A bayan kowane littafi akwai 'yar alama da ake haska wa waya, sai murya ta fito ta karanta wa yaro littafin tun daga bango har bango.

Muryar nan ta Philomise Dorcély ce.

Malamar firamare ce a Gonaïves, can Haiti, kafin ta ƙetaro. A Miami ta gyara gadajen otal, ta yi jinyar tsofaffi, har ranar da Mèt Lucner ya ji tana karatun Littafi Mai Tsarki a coci ya tare ta a bakin ƙofa. Tun daga lokacin ita ke karanta komai: yadda ruwa ke zama tururi, sunayen ƙasusuwan jiki, jadawalin lissafi. Karatunta a tsanake yake, kowace kalma da gurbinta, babu wadda ke taka 'yar'uwarta. Gashinta ya yi furfura a kan aikin, kuma ba ta taɓa tunanin akwai ranar da za a nemi wata murya ba.

Littafin da ta fi ɗora wa rai shi ne na tatsuniyoyi. Ita ta tattara su da kanta, shekara da shekaru, daga bakin tsofaffin da ta yi jinya da waɗanda take ziyarta ranar Lahadi. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. A bana Mèt Lucner ya yarda a buga shi da zane mai launi, a gama kafin makarantu su dawo daga hutu a watan Agusta.

Wadda ta juya shi zuwa Turanci ita ce Guerdine Saint-Fleur, matashiya da ta yi karatun koyarwa a Jérémie, ba ta daɗe da zuwa ba. Philomise ce ma ta kawo ta kamfanin. Ta gan ta a coci tana zama a bencin baya ita kaɗai, ta ja ta gida ta ba ta abinci, ta nuna mata motar da ake hawa. Guerdine ta shiga kiranta Matant, kamar yadda ake kiran ƙanwar uwa, ita kuma tana ce mata 'yata.

Da suka zauna karatun shafukan tatsuniyoyin, sai Philomise ta lura da wani abu. A duk sauran littattafan sukan yi karɓa-karɓa, amma a wannan kullum Guerdine sai ta turo mata takardun.

"Matant, ke karanta, ni in bi da ido."

"Jiya ma ni na karanta. Maƙogwarona na haya ne?"

Guerdine ta yi dariya, ta waiga ta tabbata ƙofar ofishin Mèt Lucner a rufe take, sannan ta sassauta murya. "Kada ki yi min dariya. A garinmu, a Abricots, can wajen Jérémie, ba a tatsuniya da rana. Sai rana ta faɗi. An ce wanda ya yi, uwarsa yake kira wa mutuwa."

"Haba 'yata! Ke da takardar shaidarki ta malanta?"

"Na sani, Matant. Kaina ya san ba komai ba ne. Amma Mama ita kaɗai ce a can, ga hawan jini, ga nisa. Bakina ne ba ya yarda."

Philomise ta san da wannan magana, ta ji ta tun tana yarinya, sai dai ita 'yar birni ce, kuma ta daɗe da binne uwarta. Ta jawo takardun tana girgiza kai. "Kawo. Ni ba abin da rana za ta ƙwace min."

"Don Allah kada Mèt ya ji."

Wannan roƙon ba sai an bayyana shi ba. Mèt Lucner ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa da masu cewa Kiriyol harshen camfi ne da jahilci. Duk ma'aikacin da ya zo masa da irin wannan zance zai sha lacca har ƙafafunsa su yi sanyi.

Ranar Tutar Haiti, cikin watan Mayu, Mèt Lucner ya tara ma'aikatansa da iyalansu a bayan gidansa kamar yadda ya saba. An soya naman akuya da ayaba, ga shinkafa da wake, ga pikliz, haɗin kabeji mai tsami da yajin da ke sa hawaye. Guerdine ta zo da tuwon tonmtonm da miyar kuɓewa irin na mutanen Jérémie, mazan suka yi ta gardamar ko ana tauna shi ko haɗiye shi ake yi. Da almuru ta yi, aka kunna fitilun baranda, yara suka fara rigimar gajiya. Sai Guerdine ta ajiye faranti, ta tafa hannu, ta yi kiran nan da ake buɗe tatsuniya da shi. Yaran da aka haifa a Miami ba su san amsar ba, iyayensu ne suka amsa da ƙarfi, kamar an taɓa musu wani wuri da ya daɗe yana barci.

Tatsuniyar ƙaguwar da ta je neman auren 'yar ruwan sama ta ba su. Philomise ta san ta kalma da kalma, don ita ta rubuta ta, daga bakin wata tsohuwa da ta rasu a hannunta. Amma ba ta taɓa jin ta haka ba. Guerdine ta yi tafiyar ƙaguwa a karkace, ta yi muryar surukin da ke magana kamar tsawa daga nesa, ta tsaya a inda babu aya, ta ruga a inda Philomise ta sa waƙafi. Da ta zo wurin waƙar sai ta rera ta, alhali a takarda layi huɗu ne kawai a kwance. Matar Mèt Lucner ta kama amshi, sauran mata suka bi. Wani dattijo mai zanen littattafai ya cire tabarau yana goge ido.

Philomise ta tafa tare da kowa. Har ta fi kowa daɗewa tana tafi. Amma ba ta sake taɓa farantinta ba.

A mota mijinta Anténor, tsohon direban bas wanda bakinsa bai taɓa yin ritaya ba, ya fara.

"Madam Rediyo, yau kin ga karatu."

"Tuƙi kake ko surutu?"

"Ina iya haɗa biyun, aikina ne shekara talatin. Kai, yarinyar nan! Ni fa har na ga ƙaguwar da idona."

"Ta tsallake jimla biyu. Ta ƙara abin da babu shi."

"Ai shi ya sa ba wanda ya yi gyangyaɗi."

Ta juya ta dube shi. Ya yi saurin gyara madubi wanda ba abin da ya same shi. "Naki ma da daɗi, Philo. Naki irin na... irin wanda mutum ke koyon abu ne."

Ta juya fuskarta wajen taga har gida.

Ranar Litinin Mèt Lucner ya kira ta ofis. Ya ba ta kujera, ya zuba mata kofi da hannunsa, daga nan ta san abin da zai faɗa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi shekarunta, ya ce sunanta ne zai hau bangon littafin da manyan baƙaƙe. Sannan ya ce yana ganin tatsuniya wani abu ne daban da littafin kimiyya, yana son Guerdine ta karanta wannan.

"Ke za ki zauna kusa da ita, ki kula kada ta kauce wa rubutu. Kin san ta da zumuɗi. Me kika gani?"

"Shawara ce mai kyau, Mèt," in ji Philomise. Ta shanye kofin duk da zafinsa.

"Na san za ki fahimta. Ki kira Wilguens ki tsara mana lokaci kamar kullum."

Wilguens shi ne mai kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyon 'yan Haiti, inda suke aron ɗaki su ɗauki murya. Tsara lokaci da shi aikin Philomise ne tun fil azal. Ta bari sai da ta koma teburinta, Guerdine ta fita sayo abinci, sannan ta buga.

"Madam Philo, sarauniyar makirfo! Me za mu koya bana, hanjin kifi?"

"Tatsuniyoyi. Yaushe ɗakin ke sake?"

"Zaɓi naki ne. Da safe bayan labarai babu kowa. Da yamma ma, in rana ta faɗi muka saki kiɗa, ɗakin a buɗe yake. Wanne kike so?"

Ba za a ce ta shirya abin ba. Da ta ɗauki wayar ba ta da wata niyya da ta sani. Amma da ya ajiye mata lokutan biyu a gabanta, sai ta ga hanyar a shimfiɗe tun daga farko har ƙarshe: Guerdine za ta ji an ce safe, za ta nemi uzuri, ta ce mura ko wani abu, Mèt Lucner zai ɗaga kafaɗa, littafin ya dawo bakin mai shi. Ba wanda zai ji ciwo. Ba ƙarya ma a ciki.

"Safe," ta ce.

Da Guerdine ta dawo, Philomise ta faɗa mata tana duban allon kwamfuta.

"Da safe, Matant?" Ledar abincin ta tsaya a hannunta. "Babu yamma?"

"Abin da na samu ke nan."

Guerdine ta zauna a hankali. Ba ta ci abincin ba. Philomise ta yi ta jiran uzurin, ranar nan da washegari da ranar da ta biyo, amma bai zo ba. Abin da ba ta saka a lissafinta ba shi ne, yarinyar da ta bar uwa da gida ta zo ƙasar mutane ba ta mayar da aiki irin wannan, kuma ba za ta tsaya gaban Mèt Lucner ta ce masa tana tsoron rana ba.

Ranar ɗaukar murya Guerdine ta riga kowa zuwa, sanye da farar riga kamar mai zuwa coci. Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, ba taga ko ɗaya. Wilguens ya gyara mata makirfo yana zolaya.

"Sabuwar amarya, kada ki ji tsoro, ba ya cizo. Madam Philo ta hore shi tuntuni."

"Ƙarfe nawa yanzu?" ta tambaya.

"Nan ciki ba dare ba rana, ƙanwata. Ni kaina sai cikina ya yi ƙara nake sanin lokaci."

Ta yi ɗan murmushi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Philomise na zaune a ɗaya gefen gilashi, takardu a cinya, na'urar sauraro a kunne. A ranta ta ce yanzu muryar za ta watse, kowa ya huta.

Muryar ba ta watse ba. Ta fara a ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada wani ya ji, sai hakan ya sa dole mutum ya matso da kunne. Ta yi tatsuniyar ƙaguwa, ta yi ta turmin da ke waƙa in an daka masarar sata a cikinsa, ta yi ta yarinyar da ta bi kogi neman ɗan kunnen uwarta. A wannan ta ƙarshen, wurin da yarinyar ke kiran uwarta daga bakin ruwa, wani abu ya shiga muryar Guerdine wanda babu shi a daren liyafa. Wilguens, da ya saba danne-dannen waya in ana ɗauka, ya ajiye wayar. Philomise ta nemi kuskure da ɗan yatsanta layi bayan layi. Ta samu guda biyu, ta buɗe baki ta tsayar da ita, sai ta ga in ta yi magana Wilguens zai dube ta. Ta bar su suka wuce. Kishi ya cika mata ƙirji har tana jin numfashinta a cikin na'urar. Kalmominta ne, ita ta zauna gefen gadajen tsofaffi ta tsinto su, amma ga shi sai a bakin wata suka tashi suka yi tafiya.

Suna fita Guerdine ta ciro waya ta kira Abricots. Ba ta shiga ba. Ta sake kira a mota, ta sake a ofis.

"Layin can ai kin san halinsa," in ji Philomise. "Damina ce."

"Haka ne, Matant."

Washegari ma ba ta shiga ba. Guerdine ta kira ɗan kawunta a Jérémie, ya ce ruwa ya yanke hanya, babu mai zuwa babu mai dawowa, amma zai bincika. Ta zauna a teburinta tana juya littafin lissafi zuwa Turanci, wayar a gefen hannunta, duk bayan ɗan lokaci ta taɓa ta ta ga ko ta mutu. Philomise na ganinta ta gefen ido. Sau biyu ta miƙe da niyyar zuwa ta ce mata akwai yamma, sau biyu ta wuce ta ɗebo ruwan da ba ta jin ƙishinsa. In ta faɗa yanzu, dole ta faɗi tun yaushe ta sani. A gida ta ƙona shinkafa, abin da ba ta taɓa yi ba, Anténor ya ci ƙanzon bai ce komai ba, wanda ya fi zolayarsa ciwo.

Zama na biyu Mèt Lucner ya biyo su, don Wilguens ya kira shi ya ce ya zo ya ji abin mamaki. Guerdine ta shiga ɗakin idanunta a kumbure. Aka kunna jar fitila. Ta dubi takarda, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sha ruwa, ta sake gwadawa, ta yi rabin jimla ta tsaya.

"Lafiya?" in ji Mèt Lucner ta makirfon waje.

"Muryata ce, Mèt. Ta ƙi."

"Mura ce? Ga shi lokaci ya ƙure mana, makarantu ba za su jira ba." Ya shafa sanƙonsa, ya juya. "Philo, ko za ki karɓa? Mu bar ukun da ta yi, ki ƙarasa sauran."

Ga shi nan, abin da ta nema, an miƙo mata a gaban shaidu. Kafin ta amsa Wilguens ya sa baki, da zuciya ɗaya, yana murɗa wani maɓalli.

"In sanyin safe ne ke kama mata wuya, ai yamma na nan. Tun farko na gaya wa Madam Philo, in rana ta faɗi ɗakin a buɗe yake, ita ta ce safe."

Makirfon waje a kunne yake. Guerdine ta ɗago kai, ta dubi Philomise ta cikin gilashin. Ba harara ba ce. Kallo ne irin na mai karanta shafi a karo na biyu don ya tabbata abin da ya gani da farko shi ne a rubuce.

"Safe, yamma, mene ne bambancin?" in ji Mèt Lucner. "Guerdine, yamma za ta fi miki?"

"Babu bambanci, Mèt." Ta cire na'urar daga kunnenta, ta ajiye a hankali, ta tattara takardun ta daidaita gefensu. Ta fito ta miƙa su da hannu biyu. "Madam Dorcély ta karanta. Littafinta ne."

Philomise ta shiga ta zauna. Kujerar da ɗumin jikin yarinyar. Ta karanta tatsuniya biyu a ranar, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, Wilguens bai maimaita ɗaukar ko layi guda ba. Mèt Lucner ya ce, "Ka ji gwanaye," yana duba agogo.

Da sassafe washegari ta dama akasan, kunun masarar nan mai madara da kirfa da Guerdine ke so, ta zuba a flas ta tafi ofis. Ta tarar da ita a bakin ƙofa zaune a kan kwali, waya manne a kunne, tana dariya hawaye na zuba. Muryar wata tsohuwa ke fitowa daga wayar, saƙon murya ne daga uwarta, tana faɗa da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren kwari: iska ta kayar da ƙarfen sadarwa, ita lafiyarta lau, akuyar maƙwabci ce dai ta cinye mata ganyen rogo, kuma wa ya ce a tayar da hankalin ɗan mutane ya taka laka har gwiwa don ya zo duba ta?

Philomise ta jingina da bango. "Mun gode Allah," ta ce. "Mun gode Allah, 'yata."

"Amin."

Ta miƙa flas ɗin. Guerdine ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye a gefe ba ta buɗe ba.

"Zan kira Wilguens," in ji Philomise. "Mu koma yamma. Biyun da na yi a goge su. Ki yi duka, yadda Mèt ya so tun farko."

"A'a."

"Saurara mana..."

"Na ce a'a, Madam." Ta goge fuskarta da bayan hannu. Babu faɗa a muryarta. "Ni ban san haka kike son sa ba. Da kin ce min, 'Guerdine, littafin nan ni nake son in karanta,' wallahi da a ranar zan je in gaya wa Mèt ba zan iya ba. Ke kika ba ni abinci a garin nan lokacin da ban san kowa ba. Magana ɗaya ce."

Philomise ta sunkuyar da kai. Abin da ya fi damunta, ko a wannan lokacin, da kunya ta rufe ta har wuya, akwai wani ɗan lungu a zuciyarta da ya yi farin ciki da jin a'a ɗin.

Aka ci gaba da aiki. Suna zama tebur ɗaya, ɗaya na karatu ɗaya na bi da ido, a littafin lissafi da na tsirrai. Guerdine ba ta taɓa gaya wa Mèt Lucner komai ba. Tana gaisuwa, tana tambayar lafiyar Anténor, ranar Lahadi kuwa ta koma zama da wasu 'yan Jérémie a ɗaya ɓangaren cocin. Philomise ta ƙarasa sauran tatsuniyoyin da safe, ita da Wilguens.

Littafin ya fito kafin a koma makaranta, da sunanta a bango da manyan baƙaƙe kamar yadda aka yi alkawari. A shafin ciki an rubuta masu karatu biyu. Ranar da kwalayen suka iso ta ɗauki kwafi ɗaya ta fita da shi wurin ajiye motoci, ta shiga motarta ta rufe gilashi, ta haska wa alamar waya.

Ta tsallake ukun farko ta fara da nata. Ta saurari guda ɗaya har ƙarshe. Babu abin gyarawa a ciki. Yaro zai ji kowace kalma, zai iya bi da ɗan yatsa ba tare da ya ɓace ba, malamai za su yaba. Ta gyaɗa kai.

Sai ta koma baya, ta danna ta yarinyar da ta bi kogi. Ta ce a ranta kuskuren nan biyu take son ta sake ji, ta tabbatar suna nan. Suna nan kuwa, ta ji su sun wuce. Ba ta tsayar ba. Da aka zo wurin kiran uwa daga bakin ruwa, ta matsa wayar kusa da kunnenta, ta runtse ido, tana neman inda yarinyar ta ja numfashi, da yadda ta sauke muryar, ko akwai wata dabara da mutum zai iya koya. Ta mayar da wurin baya, ta motsa leɓɓanta tare da ita, ta gwada da tata muryar a cikin motar da ba kowa. Bai yi kama ba.

Mai shagon tayoyi ya ƙwanƙwasa mata gilashi, yana nuna mata da hannu cewa ta tare wa babbar mota hanya. Ta ɗaga masa hannu ya yi haƙuri, ta tayar da motar ta matsa gaba kaɗan, ta kashe. Sannan ta sake mayar da wurin baya.